Zakaran gwajin dafi: abin da sabuwar mota ta yi mini a Faransa

Yaya, tun watan jiya kake bi na da saƙon murya wai in nemo maka mota "wadda ta fito bana", 'yan gidanmu na unguwar Birni a Damagaram kowa ya sa baki. Bari in amsa muku a wuri ɗaya, don akwai labarin da na ɓoye muku.

Kun tuna hoton da na turo, ina jingine da farar mota, har Inna ta sa aka yi sadakar waina. Samfurin bai fi wata uku da shiga kasuwa ba. Duk unguwarmu a Liyon ban ga mai irinta ba, kuma in gaskiya za a bi, abin da ya ja ni ke nan. Bashin shekara biyar na ɗauka a kanta.

A wata na huɗu, wata Asabar, aka yi suna a Balans, kusan kilomita 100 kudu da mu. Na ɗauki dattijai biyu 'yan Damagaram da matar ɗayansu, da kular dambu a cinyarta. Muna tsakiyar babbar hanyar A7 sai allon gabana ya ɗauke ɗif. Da ya dawo, fitilu ja da ruwan ɗorawa suka cika shi, motar ta daina amsa ƙafata, ta koma tafiyar amalanke. Da ƙyar na lallaɓa ta gefe. A nan doka ce ka sa rigar nan mai ƙyalli kafin ka fito, kowa kuma ya tsallake bayan shingen ƙarfe. To ku auna ni: babbar riga ta shadda, hula zanna, rigar leburorin hanya a sama, yayyafin sanyi na dukanmu, tireloli na wucewa suna watsa mana ruwa. Babban cikinsu ya daɗe yana kallon motar, sannan ya juyo a hankali ya ce, "Ɗana, ba ka ce sabuwa ba ce?" Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Kan irin wannan hanya ba ka da ikon kiran wanda ka ga dama, sai janwen da aka ba izini. Baƙina kuwa wani yaro ɗan Mirriya ne ya zo ya kwashe su a Corolla ɗinsa ta 2006, wadda ƙofarta ta baya sai daga waje ake buɗewa, wadda na sha yi masa tsiya a kanta. Bai ce uffan ba. Shirun nan ya fi mini zafi.

Garejinsu kamar asibiti. Ba ka ganin makanike, wata mace ce a bayan tebur da kwamfuta, a ba ka kofi a ɗan kofin takarda, a ce sai randebu, wato ranar da za su sa maka. Sati uku! Da ranar ta zo ba wanda ya ɗaga bonet ya saurari inji, waya suka soka ƙarƙashin sitiyari suka tsaya kallon allo. Aka ce manhaja ce, aka sabunta, na tafi. Kwana goma ta sake. Aka ce wata 'yar sensa ce, babu ita a ƙasar gaba ɗaya, don duk wadda aka ƙera tana tafiya cikin motocin da ake harhaɗawa. Wallahi a lokacin na yi kewar makanikenmu na bakin tasha, wanda zai kara kunne jikin bonet ya ce kashe, ya tura yaro kan kabu-kabu, in babu kayan gyaran a kasuwar Dole jibi ya iso daga Kano, kana zaune a benci ƙarƙashin dogon yaro ana zuba maka shayi.

Sai dai a ba su haƙƙinsu. Ko dala ban biya ba. Dokar nan ta ɗora wa mai sayarwa garantin shekara biyu, suka kuma ba ni wata mota ina hawa har tawa ta fito. Bayan wata biyu ga wasiƙa har gida, da sunana da lambar shasi: sun gano matsala a motocin da aka ƙera tsakanin wata kaza da wata kaza, a kawo a gyara kyauta. Kamfani da kansa ya tona asirin kansa! A gida dillali ya sayar maka da mota da rantsuwa, gobe ta tsaya, ka je ya ce ai ƙaddara ce, mu kuma mu ce a bar wa Allah don kunyar surukinsa da muke sallah sahu ɗaya.

Wani tsohon makanike ɗan Maroko, maƙwabcina, shi ya buɗe mini ido. Ya yi dariya har da tari, ya ce wa ya aike ni sayen shekarar fari? A bayaninsa, kafin mota ta fito ana gwada 'yan ƙalilan ne, amma abin da dubban direbobi za su tono cikin sanyi da zafi da cunkoso ba a ganin sa a filin gwaji. Masu kawo sassa sababbi ne, hannun ma'aikata bai faɗa ba, ga gaggawar riga abokin hamayya fita. Ƙorafin masu sayen farko da shi ake gyara na baya, shiru-shiru, ba sanarwa. Galibi bayan shekara uku ko huɗu a yi wa samfurin kwaskwarima, a nan ne yake nuna. Wato ni na biya kuɗi mafi tsada don in yi musu aikin gwaji.

Kada ku ce ai don ba Toyota ba ce, na san ku da Toyota kamar addini. A 2022 ta fitar da motarta mai lantarki, bZ4X. Ba a yi wata biyu cikakku ba, a watan Yuni, ta janye kusan 2,700, ta ce masu ita su ajiye kada su hau, saboda notocin taya na iya kwancewa tayar ta fice. Volkswagen ma a watan Mayun 2020 sai da ta dakatar da miƙa sabuwar Golf 8 ga masu saye, don manhajar da ke kiran agaji in an yi haɗari ta samu tangarɗa. Hilux da kat-kat ɗin da kuke yabo, shekaru suka dafa su. Land Cruiser 70 tun 1984 ake ƙera ta. Fijo 504 ta Kawu, wadda ta ci hanyar Magarya har ta gaji, ta fito ne a 1968, Kaduna kuma ba ta fara harhaɗa Fijo ba sai 1975, bayan Turawa sun gama shan wahalar ƙuruciyarta.

Mu da muke raina kanmu wai ragowar Turai muke hawa, ashe tatacciya ke iso mana. Aibunta an san shi, kayan gyaranta sun cika kasuwa. Abu ɗaya ne ba ya biyo motar cikin jirgin ruwa: wasiƙar nan. Kun ji labarin jakar iskar kamfanin Takata, wadda ke tarwatsewa ta watso ƙarfe a fuskar direba? Miliyoyin motoci aka kira a gyara a duniya, har da wasu Corolla da Yaris na shekarun 2000, kuma zafi da laima ke lalata sinadarin cikinta. Wa ya taɓa rubuto wa mai taksi a Sabon Gari? Mu kuwa in za mu sayi mota fenti muke shafawa, mu danna hon, mu tambayi ko AC na sanyi. Lambar shasi sai ranar biyan duwan, wato kwastan, ake tunawa da ita, alhali a shafin kamfani na intanet minti biyu ya isa ka san ko ana neman motar.

Saboda haka Yaya, ta bana dai ba zan turo ba. Motar da ta kasa yayyafin Liyon, ina ga ƙurar hunturu, da zafin Afrilu, da man 'yan ruwa-ruwa na kwalba? In allonta ya ɗauke a hanyar Tanut, wa ke da kwamfutarta? Ina duba maka ta shekarar ƙarshe ta samfurin da ya wuce, mai littafin gyara cikakke. Na ga guda biyu, zan turo lambobin shasinsu ka ba yaron nan mai shagon waya ya duba a gabanka.

Tawa kuwa ranar Talata za ta sake komawa, wannan karon gilashin ƙofar direba ne ke sauka da kansa cikin dare. Don Allah kada wanda ya gaya wa Inna.