WordPress ko Joomla ga mai koyo, ga nawa gani

Ɗan uwa, ka tambaya wanne mai koyo zai fara da shi tsakanin WordPress da Joomla, manhajojin gina shafin intanet, ni dai kar ka wahalar da kanka, ɗauki WordPress kawai.

Da shi na fara, kuma har yau ban manta daren da na fara rubuta fulogin (plugin, wato ɗan kod da ke ƙara wa shafi wani aiki) ɗina ba. Ko hostin (wurin ajiye shafi a intanet) ban saya ba lokacin, XAMPP na sauke, manhajar da ke ba ka damar gwada shafi a kwamfutarka, na girka WordPress a kwamfutata, na shiga folda wp-content na buɗe plugins, na ƙirƙiri fayil ɗaya na PHP na rubuta Plugin Name a samansa, sai layuka kaɗan da add_filter don ya riƙa liƙa "na gode da karantawa" a ƙasan kowane rubutu. Ina komawa dashbod sai ga sunan abina a jere da sauran, na danna Activate ya yi aiki, wallahi sai da na miƙe na zagaya ɗaki. Daɗinsa ke nan, ba sai ka taɓa asalin injin ba, akwai ƙugiyoyi da aka tanada, add_action da add_filter, kai dai rataya naka. Washegari kuma na manta semikolon ɗaya shafin ya koma fari fat, na ɗauka na kashe komai, ashe canza wa fayil ɗin suna kawai zan yi ya dawo. Wani kuskuren da na tafka, na yi ta gyara fayil ɗin functions.php na babban tim (theme, wato rigar da ke ba shafi kamanni), ana sabuntawa aikina duk ya tafi. Don haka tun ranar farko ka koyi child theme, wato ƙaramin tim da ake ɗorawa kan babba don kar sabuntawa ta goge gyaranka.

Tun 2003 Matt Mullenweg da Mike Little suka fito da WordPress, yanzu sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan intanet a kansa suke, duk matsalar da za ta ci maka tuwo a ƙwarya wani ya riga ka shiga ya kuma rubuta maganinta.

Joomla fa? Ba laifi, ya fito 2005 daga wata manhaja irinsa mai suna Mambo, kuma wajen raba wa mutane izini da shafi mai harsuna da yawa yana zuwa da kayansa. Amma ni sati biyu na yi ban bambance component da module ba, wato sassan da ake haɗa shafi da su a Joomla, na haƙura.

Abin da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa, ka yi hattara da masu tallan tim da fulogin na kuɗi a araha, wai premium, galibi nulled ne, wato an fasa lasisinsu, an kuma cusa musu kod a ɓoye. Na taɓa saya wurin wani, bayan wata guda shafina ya fara tura mutane wani shafin caca, mai sayarwar kuwa ya ɓace. Haka duk wanda ya ce zai sayar maka da WordPress ɗin kansa ƙarya yake, kyauta ne a wordpress.org, kuma kar ka haɗa shi da wordpress.com, wancan hostin ne daban. In wani zai girka maka, ka karɓi admin da domen (adireshin shafin) da sunanka kafin ka biya shi.