Kansar tayroid: a cire rabi ko a cire duka?

'Yan uwa mata a Nima da Aboabo sun yi ta tambayata wannan game da tiyatar tayroid, wato ƙaramar gaɓar da ke gaban wuya mai samar da sinadarin da jiki ke buƙata, dama cutar ta fi kama mata kusan ninki 3 kan maza. Ku kwantar da hankali, irin wadda ta fi yawa, wato papilari, sama da kashi 90 cikin 100 suna wuce shekara 5 da rai.

Cire rabi ya fi sauƙi, haɗarin dushewar murya kaɗan ne, kuma da yawa ba sa buƙatar ƙwaya bayan tiyata, sai dai in gwajin naman ya nuna ta yi ƙarfi sai an koma an cire sauran.

Cire duka kuwa ƙwayar levothyroxine ce, mai maye gurbin sinadarin tayroid, kullum da safe kafin koko har ƙarshen rayuwa, ga kuɗin gwajin jini, wani lokaci kalsiyam ya sauka yatsu da leɓe su riƙa zuga, wallahi wannan ba wasa ba ne. Amma shi ke ba da damar maganin ayodin mai radiyeshon, mai kashe ragowar ƙwayoyin kansar, irin wanda ake yi a asibitin Korle Bu da ke Accra.

Ƙaramin ƙullutu a gefe ɗaya da bai bazu ba, rabi ya isa. In ya wuce santimita 4 ko ya kama kaluluwar wuya, likitoci sun fi son a cire duka.