Kwaɗon da ya tsare mini babur har Ankara

Kafin in tashi daga Kano zuwa Ankara ta ƙasar Gana, na sayi wani ɗan kwaɗo mai jiniya wanda ake maƙala wa faifan birkin ƙafar gaba. Bai kai tafin hannu ba, amma akwai nauyi.

A Kwatano ya biya kuɗinsa. Na kwana a wani masauki kusa da kasuwar Dantokpa, babur na tsakar gida. Wajen ƙarfe uku na dare sai ƙara ta tashi, har maigadi ya fito da tocila. Wani ne ya taɓa sitiyari, ya tsallake katanga ya arce. Wallahi sai da gabana ya faɗi.

Aibinsa saurin fushi. A Lome ruwan sama kaɗai ya sa shi ihu sau biyu, dole na cire batir na bar shi kwaɗo zalla. Kuma a tuna da cire shi kafin a ja babur, ni wata igiya mai ruwan ɗorawa nake ratayawa a hannun birki don ta tuna mini.

Jaka kuwa ba ruwansa da ita. Fasfo da takardun babur a jikina suke kwana, jakunkunan gefe na zarge su da wayar ƙarfe.