Fayiba a gida: gudun ya kai, amma ban zubar da fayafayaina ba

Kamfanin da ya ja mana wayar intanet ta fayiba zuwa gida a Tarauni, cikin Kano, ya yi alƙawarin gudun megabit 100 a sakan ɗaya, babu iyakar data, a riƙa biya wata-wata. Tun kafin azumin bara muke amfani da ita, don haka na ga halinta a zafi, na gani a damina, na gani a hunturu. Ba zan kama sunan kamfanin ba, domin ƙorafin da zan yi na layinmu ne kaɗai.

Aikin sakawa ya burge ni. Samari biyu suka zo da tsani, suka jawo siririyar baƙar waya daga jikin fal ɗin da ke bakin layi, suka biyo da ita ta katanga har falo. A cikin wayar akwai zaren gilashi wanda bai fi kaurin gashin kai ba, kuma haske ne ke ɗaukar saƙo a cikinsa, shi ya sa hadari da ruwan sama ba sa dagula ta yadda suke dagula dish. Ƙaramin cikinsu ya zauna da wata 'yar na'ura yana haɗa bakin zaren da wani, ya ɗago ya ce mini, "Alhaji, don Allah a ja wa yara kunne, kada a lanƙwasa ta a wannan kusurwar. In ta karye a ciki ba za ku gani da ido ba, sai dai ku ga jar wuta a jikin akwatin." Suka share ƙurar da suka yi, suka tafi, ba wanda ya nemi na goro.

Gudun kuwa, da safe yana kusantar abin da aka yi alƙawari. Bayan sallar isha'i, lokacin da kowane gida a unguwa ya kunna kallo, yakan sauka, wani lokaci har kusan rabi. A ɗakin Hajiya mahaifiyata da ke can ƙarshen gida yana ƙara raguwa saboda bangon bulo da ke tsakaninta da rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gidan ba tare da waya ba, sai da na sa aka ja mata waya ta daban zuwa talabijin ɗinta. Ko a lokacin da ya sauka ɗin, ya fi ƙarfin buƙatarmu. Netflix da kansu megabit 15 suke cewa ya isa a kalli hoton 4K, megabit 5 kuma ya isa hoton 1080. Hajiya na kallon tafsiri a YouTube, uwargida na bin shirinta mai dogon zango, yara na kan nasu, ni ina aiki a kwamfuta, ba wanda hotonsa ke tsayawa yana juyi. Idan na haɗa kuɗin datar da muke saka wa wayoyin gidan a da, musamman bayan ƙarin kuɗin kira da data na kashi 50 cikin ɗari da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da shi a Janairun 2025, kuɗin watan bai yi mini tsada ba.

Ga lissafin da ya fi ba ni mamaki. Faifan VCD, wanda muka fi sani da sidi, megabayit 700 yake ɗauka, shi ya sa fim ɗaya yake zuwa a faifai biyu. Da gudun megabit 100, abin da ke cikinsa zai sauka cikin ƙasa da minti ɗaya. Faifan DVD mai gigabayit 4.7 minti shida da 'yan kai. Blu-ray mai gigabayit 50 awa ɗaya da 'yan mintuna. A da sai ka hau babur ka je shagon haya, a ce maka kashi na biyu yana hannun wani, ka dawo gobe. Kuma wannan gudun namu ba komai ba ne a idon masu bincike: a 2021 cibiyar NICT ta ƙasar Japan ta tura terabit 319, wato megabit miliyan 319, a sakan ɗaya ta cikin fayiba a gwajin da ta yi, ta kuma zarce hakan a shekarun da suka biyo baya.

Matsalolin suna nan, kuma ya kamata mai niyyar saye ya san su. Akwatin da wayar fayibar ke shiga da rautar suna son wuta, in an ɗauke wuta sun mutu tare, don haka sai ka tanadi ƙaramin batir ko ka jona su da sola, kuma wannan kuɗi ne da ba ya cikin tallar. Sannan akwai yankewa. Masu haƙa kwata a bakin titinmu sun taɓa datse wayar, muka kwana muka wuni muka sake kwana babu sabis, ga layin masu karɓar ƙorafi ana ta ba ka haƙuri ba tare da an faɗa maka ranar gyara ba. Wannan ya ɓata mini rai fiye da yankewar kanta. "Babu iyaka" ɗin ma akwai magana a ƙarƙashinta: in ka wuce wani adadi a wata, sai a rage maka gudu har wata ya ƙare. An rubuta hakan a takardar yarjejeniya da ƙananan haruffa, amma mai tallar bai furta ba, ya kamata ya furta. Duk wanda ya tuna 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyin ƙarƙashin teku irin su WACS da MainOne da SAT-3 da ACE suka samu matsala a gaɓar Kwaddibuwa, intanet ta rikice a ƙasashen Afirka ta Yamma, ya san cewa wannan ni'ima a rataye take da wasu 'yan wayoyi da ba ma ganinsu.

A kwanakin da muka yi babu sabis ɗin ne 'yata ta ga na jawo akwatin fayafayai daga ƙarƙashin gado. Ta ce, "Abba, har yanzu ba ka zubar da waɗannan ba? Ai komai yana YouTube." Tambayarta ta dace, kuma ita ce ainihin abin da ya sa na zauna rubuta wannan.

A ƙasashen da suka ƙirƙiro faifan, alamu sun bayyana. Netflix, wanda ya fara kasuwancinsa da aika wa mutane DVD ta gidan waya a Amurka, ya rufe wannan sashe a Satumbar 2023 bayan shekara 25. Manyan shagunan Best Buy sun daina sayar da DVD da Blu-ray a farkon 2024. Samsung ya bar ƙera sababbin na'urorin Blu-ray tun 2019. Na'urar kaset ɗin bidiyo kuwa, kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera ta, ya tsaya a 2016. Masu kare faifai a can hujjarsu ingancin hoto da sauti ce, kuma suna da gaskiya: faifan Ultra HD Blu-ray yana iya zubo sama da megabit 100 a sakan, alhali manhajojin kallo suna matse hoton ya koma kaso kaɗan na hakan. Ina da tsohuwar na'urar Blu-ray da na saya ta hannu, na gwada fim ɗaya a faifai da kuma a manhaja, bambancin yana fitowa a wuraren duhu da hayaƙi, inda hoton intanet yake yin dabbare-dabbare.

Amma mu a nan wannan hujja ba tamu ba ce. Sidin da muka saya a Kofar Wambai da bakin Bata hotonsa bai kai na ƙaramar waya ta yau ba. DVD ɗin da ake cusa fim ashirin a ciki kuwa, fuskar jarumi ma da ƙyar kake tantancewa in ya yi nisa da kyamara. Duk wanda ya ce mini ya fi son faifan nan saboda kyawun hoto, zan ce ƙauna ce ta rufe masa ido. YouTube a kan wannan fayibar ya fi shi nesa ba kusa ba. Haka nan ba intanet mai gudu ce ta kashe kasuwar faifai a Kano ba. Tun kafin fayiba ta shigo unguwanninmu, memori da shagunan masu turawa sun gama da ita. Ka miƙa wayarka, a cika maka ita da fina-finan Hausa da fassarar Indiya a kan 'yan kuɗi kaɗan, ka dawo gida ka tura wa maƙwabci ta Xender. Furodusan da ya sayar da fili ya yi fim bai ga ko sisi ba a wannan cinikin. Tashar Arewa24 ta zo a 2014, daga baya masu shirya fim suka karkata ga shiri mai dogon zango a YouTube, inda aƙalla kuɗin talla yake shiga aljihun mai abu. Har gobe shagunan turawa suna nan a kowane lungu, domin mafi yawan jama'a ba su da fayiba kuma data ta yi tsada. Saboda haka a ganina fim ɗin da ake riƙewa a hannu bai mutu a arewa ba, ya koma memori da hadis ne, wato ma'ajin bayanai na kwamfuta.

Abin da ya hana ni zubar da akwatin shi ne, maganar 'yata cewa komai yana YouTube ba haka take ba. Na zauna da wannan intanet mai gudu na yi ta neman fina-finan da ke cikin akwatin ɗaya bayan ɗaya. Fitattun suna nan, wasu an yanke su gunduwa-gunduwa, wasu an manna musu tambarin tashar da ba ta da alaƙa da masu fim ɗin, wasu sautin ya riga hoton. Da yawa kuma babu su sam. Masana'antar fina-finan Hausa ta Kannywood da aka saba ƙirga farkonta daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990 ta fitar da dubban fina-finai a kaset da sidi, kuma kamfanonin da suka yi su da yawa sun rufe, wasu masu su sun rasu, Allah ya jiƙansu. A cikin waɗannan fina-finai akwai Kano ta wancan lokaci: bas ɗin haya da acaɓa, ɗinkin da mata ke yayi, tsakar gida mai rijiya, Hausar dattawan wasan kwaikwayo waɗanda ba a maganarsu irinta yanzu. Gudun intanet, komai yawansa, abin da wani ya ɗora kawai yake kawo maka. Wanda aka ɗora ɗin ma ba naka ba ne. Mai tasha zai iya gogewa, za a iya rufe tashar saboda ƙarar haƙƙin mallaka, manhajar da kake biya za ta iya cire fim ranar da yarjejeniyarta ta ƙare, ba tare da ta nemi izininka ba.

Shi kansa faifan ba abin dogaro ba ne, kuma wannan ne yake damuna. Yawancin na kasuwarmu ƙonawa aka yi a kan faifan da ake rubutawa, wanda rini ne a cikinsa yake riƙe bayanan, zafi da hasken rana suna cin wannan rinin. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu tana karce su, ba za su daɗe ba. A akwatina na samu waɗanda gefensu ya fara ɓarewa, na samu waɗanda suke tsayawa a tsakiya ba sa wucewa. Kaset ɗin kuma ga su nan, amma na'urar da za ta karanta su sai an sha wuya a Sabon Gari kafin a samu mai lafiya.

Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Balewa, ya yi shekaru ana zaton ya ɓata. A 2016 aka gano faifan ɗaukarsa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, cibiyar Arsenal da ke Berlin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Da ba a samu abin da za a taɓa da hannu ba, da babu abin da za a gyara. Hukumar tana da ma'ajiyar fim da bidiyo da sauti ta ƙasa a Jos. Ina roƙon dattawan Kannywood da 'ya'yan waɗanda suka rasu, duk mai asalin kaset ɗin da aka ɗauki fim a kansa, kada ya bar shi a sito har gara da danshi su cinye. Hukumar tace fina-finai ta jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ita ma fina-finai masu ɗimbin yawa sun bi ta hannunta, ya dace a ce tana cikin masu jagorantar wannan aiki.

A nan ne fayibar ta yi mini amfanin da ban yi tsammani ba, wato gudun ɗorawa. Da datar waya, ɗora gigabayit huɗu aiki ne na dare guda da addu'a kada ya katse. Yanzu na sayi 'yar na'urar karanta faifai mai jonawa da kwamfuta, domin sababbin kwamfutoci ba sa zuwa da ita. Duk ƙarshen mako ina kwafe waɗanda suke karantuwa zuwa hadis, sannan na ɗora kwafi na biyu a ma'ajiyar intanet tawa ta kaina. Ba na saka su a YouTube, domin ba ni da haƙƙin hakan. Wani tsohon furodusa da na samu labarin ba shi da kwafin fim ɗinsa, na kai masa a memori har gida. Ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, Allah ya saka da alheri, jikokina ba su taɓa ganinsa ba."

Wanda gidansa ke da masu kallo da yawa, kuma wayar ta iso layinsu, ina ba shi shawarar ya saka. Kafin ya biya, ya tambayi gudun ɗorawa, kada ya tsaya a na saukewa kawai, ya sa a nuna masa a rubuce adadin da in ya wuce za a rage masa gudu, ya kuma tambayi maƙwabtan da suka riga shi kwana nawa ake yi kafin a zo gyara in waya ta yanke. Mai zama shi kaɗai wanda kallonsa bai wuce na waya ba, data za ta ishe shi.