Gargaɗi: horon "kyauta" kan cututtukan dabbobi da ake karɓar kuɗin fom damfara ce

Assalamu alaikum 'yan uwa ma'aikatan lafiyar dabbobi na Kano, musamman ku da kuke wuni gaban madubin likita a ɗakin gwaje-gwaje. Akwai wata sanarwa da ke yawo a zaurukanmu na WhatsApp, wai za a horar da ma'aikata kan gano tsutsotsi da ƙwayoyin cutar da ke cikin jinin dabbobi, wai manyan ƙungiyoyin duniya ne suka ɗauki nauyin masauki da abinci da alawus, kuma waɗanda suka yi zarra za a kai su Ostiriya. Don Allah kada wanda ya tura musu ko sisin kwabo.

Salonsu ɗaya ne. Kana cike fom, washegari sai a taya ka murna an zaɓe ka, a ce ka biya N35,000 na rajista kafin a rufe da daddare. Wanda ya biya sai a nemi hoton fasfonsa da lambar NIN da takardun makaranta, daga nan a ɓullo da kuɗin biza da na inshora. Asusun da ake tura kuɗin na wani mutum ne, adireshin imel ɗin kuma Gmail ne. Wata ƙanwarmu da ba ta daɗe da kama aiki ba ta biya har kashi na biyu kafin lambar ta daina shiga, kuma rance ta ciwo. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, domin yarinya ce mai son ta iya aikinta.

Sun manna tambarin FAO, hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a takardar, sun haɗa da na OIE, hukumar lafiyar dabbobi ta duniya, alhali tun 2022 wannan hukuma ta koma amsa sunan WOAH. Amma abin da ya fi tona musu asiri shi ne jadawalin darussan. Sun ce horo ne kan cututtukan shanun Arewa, sai ga zazzaɓin nan da ƙwayar cutar Theileria parva ke haddasawa a sahun gaba, cutar da ke kashe shanu a Kenya da Yuganda da Tanzaniya, ba a Afirka ta Yamma ba. Sammore kuwa, wanda kowane Bafulatani ya san ɓarnarsa, ko ambatonsa babu. A fili yake kwafo shi suka yi daga wata sanarwar gabashin Afirka suka sauya sunan gari.

Sannan wai a zauren taro na otal za a yi, kwana uku, a ba da satifiket. Ku da kuka san aikin, ta yaya? Mai neman ƙwayar sammore sai ya ɗebi jini sabo, ya juya shi a na'ura cikin siririn bututu, ya duba tsakanin jajayen ƙwayoyi da ruwan jini cikin 'yan awoyi tun ƙwayar tana motsi. Ƙwayar cutar Babesia da kaska ke yaɗawa sai an shafa jini siriri a gilashi, an rina da sinadarin rini na Giemsa, ido ya saba da ganinta cikin jar ƙwayar jini. Ƙwan tsutsar hanta yana da nauyi, ba ya tasowa a ruwan gishiri yadda ƙwan tsutsar ciki ke yi, sai an bar kashin ya kwanta an duba abin da ya zauna a ƙasa. Duk wannan da hannu ake koyonsa, a kan tebur, kusa da wanda ya iya. Ko da sun taru a otal ɗin sun raba takarda, wanda ya karɓa zai koma ya rubuta wa makiyayi sakamakon da bai tabbatar ba, a yi ta zuba wa saniya maganin da ba nata ba har ta rame ta faɗi.

Horo na gaskiya akwai shi, shi ya sa ƙaryar take shiga. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya, wato IAEA, da FAO suna da ɗakunan bincike a Seibersdorf ta Ostiriya, kuma suna horar da ma'aikatan ƙasashen Afirka, amma ta hannun gwamnati ake miƙa sunaye, da sa hannun shugaban wurin aikinka. A gida muna da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, da cibiyar binciken sammore ta Kaduna, da tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Duk sanarwar da ta kira sunan ɗayansu, a tuntuɓe su kai tsaye ta shafinsu na intanet ko ta ofishin daraktan kula da dabbobi na jiha, ba ta lambar da ke jikin takardar ba.

Wanda ya riga ya biya, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya je bankinsa yau ɗin nan ya shigar da ƙorafi da shaidar turawa, ya adana hotunan hirar kafin su goge, ya kai rahoto ofishin EFCC na Kano ko wurin 'yan sanda. Wanda ya tura fasfo da NIN ya faɗa a cikin rahoton, domin ana iya cin bashi ko buɗe asusu da sunansa. Manyanmu shugabannin sassa, ku tara masu yi wa ƙasa hidima da ɗaliban da ke sanin makamar aiki a ƙarƙashinku ku gaya musu da baki, domin su aka fi turawa wannan fom.