Ƙotar girafait a sandar golf: wata uku a hannuna

Ciwon gwiwar hannu ne ya raba ni da ƙotar ƙarfe. Ɗana ya kawo mini mai girafait (wani abu mara nauyi da ake yin ƙota da shi maimakon ƙarfe) daga Kaduna, nake gwada ta da yamma a bayan gari, nan Birnin Kebbi.

Nauyinta giram 65, tsohuwar kuwa ta haura 120. Girgizar da ke hawa har kafaɗa ta ragu sosai, ƙwallo ya ƙara nisa.

Sai dai a duba harafin da ke jikinta, wanda ke nuna taurinta ko laushinta. Mai S ya fara kawowa, ta yi mini tauri, ƙwallo yana ta karkata dama. Da muka koma R, mai ɗan lanƙwasa, bugu ya miƙe. Dattijo irina ya nemi R ko A, wadda ta fi R laushi.

Akwai tsada kam, kuma gogayya cikin jaka tana cin jikinta.