Na biya kuɗin kanki, dila ya ci nama: yadda muka kwashe da .30-06 da .308

Tun da na dawo Zariya daga Afirka ta Kudu abokan farauta suka sa ni gaba da tambaya ɗaya: "To Likita, wanne ya fi, .30-06 ko .308?" Ni na jawo wa kaina. Kafin tafiyar nan babu wanda ban cika wa kunne da yabon harsashin .30-06 ba, alhali ko sau ɗaya ban taɓa harba shi ba, a takarda kawai na san shi. Yanzu dai na harba shi, na harba ƙanensa .308, duka a kan dabba mai rai, kuma ɗaya daga cikin harbin ya ci mini kuɗin da har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Gidanmu gidan maharba ne a cikin birni, ta wajen Ƙofar Kuyambana. Adakar kawuna na nan rataye a ɗakinsa, ya ce da ita ya kayar da gwanki tun ana kashe sule da sisi. Ni boko ya ɗauke ni na zama likitan dabbobi, abin da ya rage mini na gado shi ne 'yar mai baki biyu mai lasisi, ta zabi da fakara, in an yi sa'a gada. Bindiga mai harsashi ɗaya mai cin nisa kuwa, kun san yadda take a ƙasar nan: dokar bindigogi ta 1959 ta sa na soja masu bakin 7.62 da .303 a cikin haramtattu, sai da izinin shugaban ƙasa. Ko da ma kana da ita, ina dajin? Wa zai shiga wajen Birnin Gwari yanzu da sunan neman nama? Shi ya sa da wani kwas ya kai ni Piritoriya a watan Yunin bara, na ƙulle ido na biya kwana uku a wata gonar farauta a lardin Limpopo, ta wajen Thabazimbi. A can baƙo ba ya shiga daji shi kaɗai, dole sai da maharbin da hukuma ta ba takarda, bindiga kuma haya za su ba ka.

Daren da na isa, maharbin gidan ya jera mini harsasai biyu a kan tebur ya ce in zaɓa. Kan harsashin, wato abin da ke fita ya sami dabba, kaurinsu ɗaya ne sak, inci .308. Bambancin a kwanso yake, wato gidan albarushi. Na .30-06 tsawonsa milimita 63, sojan Amurka suka fara aiki da shi a 1906, daga nan ma 06 ɗin ya samo asali. Na .308 milimita 51, kamfanin Winchester ya fito da shi a 1952, kuma ɗan uwa ne na jini ga 7.62 ɗin da ke cikin bindigogin G3 da FN na sojojinmu. Dogon kwanso ya fi ɗaukar albarushi, don haka in kai mai nauyin giren 180 ne a kan dukansu (giren shi ne ma'aunin nauyin harsashi), babban zai fita da gudun wajen mita 820 a daƙiƙa, ƙaramin wajen 800. Mita ashirin ke nan tsakani. A kan wannan ashirin ɗin na yi shekaru ina musu da mutane a majalisa. Ban ko yi dogon tunani ba na nuna dogon.

Da safe muka je saiti. Sanyin can ba irin namu na hunturu ba ne, ciyawa fara fat da raɓa ta daskare, ga shi a gida na baro damina. Ya buɗe sabon kwali na giren 180, na harba uku a mita 100, duka suka taru a wurin da tafin hannu zai rufe. Na ji daɗi, amma gaskiya bindigar tana shuri kamar jaki. Tsohuwa ce mai sakata, gindinta katako, robar da ke kai ta bushe ta zama kamar dutse. A harbi na uku na ji idona ya ƙifta kafin ƙarar ta tashi. Ban faɗa wa kowa ba.

Sai bayan la'asar muka ci karo da kanki. Yana tsaye shi kaɗai a bakin wani fili, ja jawur, da doguwar fuskar nan tasa, nisan zai kai mita 130. Kafin mu sauka daga mota yaron gidan ya zaro harsashi biyar daga wata jakar fata ya zuba mini a hannu, ba daga kwalin safe ba. Na cusa su a bindiga ban duba ba. Muka lallaɓa ta bayan farar ƙaya, maharbin ya kafa sandunan dogara, na ɗora, na yi bisimilla, na ja kunama.

Ƙarar da ta dawo ba irin "dum" ɗin nan ta harsashi ya shiga ƙirji ba ce, "tas" na ji, kamar an fasa busasshen icce. Kankin ya durƙusa a gwiwa, na ce alhamdu lillahi, sai kawai ya miƙe ya zura da ƙafa uku. Kafin in ja sakata in mayar ya shige sarƙaƙiya. Maharbin ya sauke tabaron hangensa ya ce, "Dokta, ka yi sama."

A wurin da ya tsaya muka tarar da gashi, da ɗigon jini mai duhu, da wani tsinken ƙashi kamar farce. Babu kumfa a jinin. Aikina ne, na san abin da hakan ke nufi: huhu bai samu yadda ya kamata ba. Mai bin sawunsu, wani dattijo marar magana, ya shiga gaba da ɗan guntun karensu, muka bi. Ɗigo nan, ɗigo can, wani wurin sai ya tsuguna ya juya ganye kafin a ga ja. Ƙaya ta yayyage mini wando da hannu. Sau biyu muna jin tashinsa a gabanmu ba mu gan shi ba. Da almuru ta yi maharbin ya ce a haƙura, in muka matsa masa zai ƙara nisa ne kawai. A hanyar komawa ya tuna mini abin da na sa wa hannu: a gonakin nan in dai an ga jini, dabba ta zama taka, ka same ta ko ba ka same ta ba, kuɗinta cif za ka biya.

Ban yi barci ba. Ba kuɗin kaɗai ba, ni da nake ɗinke dabba kullum, ga shi na bar wata a daji da karyayyar kafaɗa.

Hantsi ya yi muka same shi a cikin wani kwazazzabo, ya riga ya sandare, diloli sun buɗe shi ta baya sun cinye cinya ɗaya da kayan ciki. Ko da ba su taɓa shi ba, mu da muka taso a Malikiyya mun san abin farautar da ya ɓace maka har ya kwana, ana ƙin cinsa. Na ari wuƙa na feɗe kafaɗar da kaina. Ƙashin allon kafaɗa ya yi raga-raga, ramin faɗinsa ya kai tafin hannu amma ba zurfi, kamar an sara da gatari. Rigar jan ƙarfen harsashin ta rabu da darmar, na tsinto ɓarɓashinta guda shida a cikin nama, ɗan tsinke ɗaya ne ya tsallaka ya huda saman huhu. Shi ya kashe shi a hankali cikin dare. A wurin na yanke hukunci: .30-06 ɗin nan da nake wa kirari, suna ne kawai.

Ashe da sauran magana. Da muka koma na fitar da huɗun da suka rage don in mayar, sai na ga ba iri ɗaya ba ne. Biyu bakinsu a dunƙule irin na safe, biyu masu tsini, tambarin gindinsu ma daban. Na kai wa mai gonar. Yana da ɗakin da yake cika harsashi da kansa, yawancinsu haka suke yi, ya zare kan mai tsinin ya ɗora a sikeli: giren 150, mai siririyar riga, irin wanda ake harbin ƙananan barewa da shi. Irin wannan yana buɗewa da wuri, ya yi kyau a haƙarƙarin ƙaramar dabba, amma in ya gamu da babban ƙashi da gudu sai ya watse. Ga shi ba da shi aka saita madubin hangen bindigar ba, kuma canjin nauyi kaɗai kan iya matsar da inda harsashi ke sauka da 'yan yatsu. Na ce masa to yanzu laifin wa? Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ai duk .30-06 ne." Ko sisi bai rage ba. Abin da ya ba ni na ban haƙuri shi ne ledar busasshen namansu mai kama da kilishi, wanda ban san wa ya yanka ba. Direba na ba.

Rana ta uku na ce ko kyauta ba na son dogon. Suka ba ni .308, gajeriya, marar nauyi, an ɗaura mata abin rage ƙara a baki, a can halal ne kuma kusan kowa na da shi. Wannan karon ni na buɗe kwalin, na karanta, giren 180 mai darma manne da rigarta, na saita da shi, na zuba biyar a aljihuna ban bari kowa ya taɓa ba. Shurinta kamar turin ƙaramin yaro. Sakatar ma gajeriya ce, kafin ka ce kwabo ka mayar da wani, abin da ya gagare ni ranar kanki.

Wajen ƙarfe tara muka ga kudu. Sunan dabbar ke nan, ba kudu da arewa ba. Ya kusa gwanki girma, toka-toka da fararen zane a jiki, ƙahonsa a murɗe kamar igiya. Yana cikin itatuwa a mita 90, ƙirjinsa kawai ake gani ta wata kafa. Na bi ƙafar gaba na hau kashi ɗaya cikin uku na jiki, na yi bisimilla. Wannan karon "dum" na ji. Ya yi tsalle, ya yi gudun da bai fi taku arba'in ba, ya kife. Na iske shi da sauran rai, na fuskantar da shi alƙibla na yanka da hannuna. Da muka buɗe, harsashin ya karya haƙarƙari ɗaya a shiga, ya ratsa huhu biyu, ya fita ta ɗaya gefen ya bar rami kamar bakin kwalba. Jini mai kumfa ko'ina. Daren nan na ci gasasshen naman da ban taɓa cin irinsa ba, ina ta cewa a raina .308 sarki ne.

Sai da na zauna a jirgi hankalina ya kwanta na ga ban yi wa dogon adalci ba. Me na gwada? Tsohuwar bindiga mai shuri da harsashin da bai dace ba, na kara ta da sabuwa mai abin rage ƙara da harsashi mai kyau. Da kan giren 180 ɗin nan ne a kan dogon kwanso, da ya fasa kafaɗar kankin ya wuce, don ya ma fi ƙarfi kaɗan. Kuma .30-06 na ɗaukar kai mai nauyi har giren 220, inda gajeren kwanso ke fara ƙarancin wurin albarushi. Sannan ga nawa laifin. Kanki dabba ce mai tudun kafaɗa, bayanta a gangare, wanda bai saba ba ido kan ja shi sama. Na san haka, kuma na san na ƙifta. A cikin nisan da ake harbi a dajin ƙaya, ƙasa da mita 200, ban ga dabbar da za ta iya bambance mita ashirin ɗin nan ba. In zan koma .308 zan ɗauka, ba don ya fi kisa ba, don ni na fi iya riƙe shi. Mai ƙashin kafaɗa da ya saba, ya ɗauki dogon, babu asara. Ɓauna kuwa duka biyun ba nata ba ne, ƙasashe da yawa ba sa yarda da ƙasa da .375 H&H, na Ingila na 1912. Sun bar ni na harba shi sau ɗaya a allo, kwana biyu ina sallah da ƙyar nake ɗaga hannu.

Da na kai wa Kawu tsaraba na kwashe labarin duka na faɗa masa, har da lissafin mita da giren. Yana jan carbi bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Wa ya ɗura maka bindigar?" Na ce ni na ɗura, amma yaronsu ne ya miƙo mini. Ya ce, "Ni shekara hamsin ko babanka ban taɓa bari ya auna mini albarushi ba." Na ce Kawu ai wannan na kamfani ne, a rufe yake zuwa. Ya ce, "To ka ci naman?" Na yi shiru.

Amma duk da haka ban yafe wa gonar nan ba. Wurin kwana tsaf, mai bin sawunsu gwani ne na gaske, shi kam na sallame shi da hannu biyu. Sai dai wanda ke karɓar kuɗin haya a kan bindiga, ya kuma rubuta cewa ɗigon jini ɗaya ya wajabta maka biyan dabba, bai kamata ya tara harsashi iri biyu a jaka ɗaya kamar gyaɗa ba. Shekaranjiya ina neman wata takarda na ci karo da rasidinsu. A ƙasan kuɗin kanki akwai layin harsashi, kowane ɗaya da farashinsa, sun lissafa har da wanda mai gonar ya zare wa kai don ya auna.